A Fitar da Ita Tare da Kyanwa

Launceston, Lahadi, farkon Yuni

Zuwa ga tsohuwata Lorna,

Gaisuwa cike da mota har da tirela. Yaya gwiwar nan taki, yaya sanyin Tunbridge, yaya ɓarauniyar kyanwarmu Smoky? Ina fatan kina lafiya kamar yadda nake lafiya, in ban da ƙugun nan da suka cika min da ƙarfe. Tunda kunnenki ya ƙi waya sai ki yi haƙuri da rubutuna, kin dai san shi. Inda kika kasa karantawa ki sa abin da ya fi miki daɗi.

Bayan gaisuwa, kar ki damu da ni ko kaɗan. Gidan tsofaffin nan da asibiti suka ajiye ni, na 'yan makonni ne kawai kafin ƙafar ta yi ƙarfi, kuma tuni na zama sarkin gidan. Sun ba ni keken dogarawa mai taya huɗu da ɗan wurin zama a gaba, na sa masa suna tarakta. Jiya na wuce tsofaffi uku a hanyar ɗakin cin abinci, ɗaya ma har a kwana na sha gabansa.

'Yarki Janelle ta kawo min saƙonki kafin ta koma Melbourne. Lorna, da na ga tukunyar furen nan a hannunta sai da na zauna. Duk kayan gidan nan ki rasa abin da za ki aiko sai saikilamin ɗin Rodney? Ko yaya ma ake rubuta sunan furen, oho. Shukar da ɗanki ya kawo miki Ranar Iyaye Mata, watan Mayun ƙarshe da ya gani, wadda ko Smoky ba ki bari ta shinshina, ita kika ɗanka wa mutumin da ya taɓa kashe bishiyar lemo da fitsari, wai taki yake ba ta? Janelle ta ce kin ce da hannuna zan dawo miki da ita, ba da hannun kowa ba. To na ji. Jingina ce, na gane.

Dokokinki kuwa na haddace su, ki ji. Ruwa a faranti ake zubawa ta sha ta ƙasa, in ta ƙoshi a zubar da saura, ba a zuba mata a ka don kar dankalinta ya ruɓe. Furen da ya mutu a murɗe shi daga gindi a fizge, ba almakashi. Da magariba a fitar da ita baranda tare da kyanwa ta sha sanyi, da safe a shigo da ita. Kin gani? Da a makaranta haka nake da yanzu ni ne gwamna.

Ta iso da kyanta. Furannin nan ja sun miƙe, kunnuwa a baya kamar karnukan tumaki a bayan mota. Na sa mata suna Budurwa, don duk gidan ita kaɗai ce ba ta kai tamanin ba.

Matsala ɗaya, zafi. Hita suke kunnawa dare da rana kamar za su gasa mu. Taga ba ta buɗuwa sai faɗin yatsu huɗu, ƙofar waje kuwa sai an danna wasu lambobi. Amma akwai wata nas, Sabita, 'yar Nepal ce mai 'ya'ya uku, ta ce za ta san yadda za a yi.

Af, wani likita ya zo ya yi min tambayoyin yara, ba ni kaɗai ba, duk sabon zuwa ake yi wa. Wai wace shekara muke. Na ce shekarar da ni Athol Triffitt na aske gashin tumaki ɗari uku a yini ɗaya a garin Ross, bayanta ai an daina ƙirga. Wai wane gari ne wannan. Na ce Paris mana, ba ka ga 'yan mata ba? Wai in rubuta wata kalma daga ƙarshe zuwa farko. Na ce likita, ni da ban iya ta daga farko zuwa ƙarshe ba. Yana murmushi yana ta rubutu. Ina ga na burge shi.

Ki riƙa cin abinci, ba shayi da biskit kawai ba.

Ni ne gwarzon mijinki,
Athol

*

Launceston, Talata

Lorna tawa,

Ina gaisuwa, ina tambayar gwiwa, ina tambayar itacen wuta, ya ishe ki? Ki sa maƙwabci ya faskara miki, kar ki taɓa gatarin nan. Wasiƙarki ta zo, na karanta ta har sai da takardar ta gaji.

Kin tambayi Budurwa. To, ba zan ɓoye miki ba, tana ɗan fushi. Zafin ɗakin nan ya sa ta langaɓe, furannin sun kwanta a bakin tukunya kamar mu ranar biki bayan an gama askin tumaki. Sabita aikin safe take, kafin magariba ta tafi gun yaranta. Masu aikin yamma kuwa kullum sabuwar fuska, su biyu ga tsofaffi cike da gida, ba su da lokacin fure. Akwai wanda na roƙa ya fitar min da ita, ya ajiye ta a fili inda ake ajiye motoci, sanyin asuba ya ƙone mata ganye biyu. Wata kuma don kirki ta juye mata ragowar ruwan kofi a ka. Na ce shi ke nan, aikin namiji ne wannan.

Don haka kullum rana ta faɗi sai in ɗora ta a kan tarakta mu kama hanyar ƙofa. Hanyar da nisa, Lorna, ranar farko sai da na huta sau biyu, yanzu ko tsayawa ba na yi. In na isa sai in tsaya ina danna lambobin nan ko Allah zai sa in dace. Na gwada shekarar haihuwata, na gwada taki, ta gaskiyar ba wadda kike faɗa wa mutane ba. Sai wata ta zo ta dafa kafaɗata, “Ina zuwa, Athol?” In ce zan fitar da budurwata ta sha iska. Ta ce, “Madalla, amma zo mu sha shayi tukuna.” Na sha shayin da zai iya wanke garken tumaki.

Sai ran Lahadi na ci nasara. Wasu baƙi za su fita, na bi bayansu sumul kamar ɗan gidansu. Lorna, iskar nan! Sanyi ya mare ni a fuska, na ji ƙamshin hayaƙin itace daga gidajen mutane, kamar ina ƙofar gidanmu. Na ajiye Budurwa a lungun baranda inda raɓa ba ta sauka. Na juyo, ƙofa ta rufe. Ashe shiga ma sai da lambobi. Ga ni da kayan barci da silifa ina ƙwanƙwasa gilashi, ba mai ji. Da na gaji sai na zagaya neman wata ƙofar, a can suka same ni bakin titi, an kunna ƙararrawa, kowa na gudu kamar gobara.

Washegari shugabar gidan ta kira ni. Misis Prowse sunanta, ni Saja nake ce mata, a bayan idonta. Ta ce, “Athol, ina za ka jiya?” Na ce guduwa za mu yi ni da budurwata a ɗaura mana aure a Hobart, don Allah kar ki faɗa wa matata. Ko gezau. Matar nan in aka sa mata dariya a shayi sai ta tsame ta da cokali.

Amma ki ji, dare ɗayan nan da ta kwana a waje, da safe Sabita ta shigo min da ita a miƙe tsaf. Kin yi gaskiya. Kar ki saba jin haka daga bakina.

Naki har kullum,
Athol, wanda ya tsere daga kurkuku da silifa

*

Launceston, Asabar

Lorna,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Smoky. Ni ma lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, ba wani abu ba ne, don gwiwarki na ce.

Janelle ta zo yau, jirgin safe ta biyo ta koma a na yamma, shi ya sa ba ta ƙaraso gunki ba. Masu gidan nan ne suka kira ta. Na fara ba ta labarin silifa sai ta ce, “Baba, don Allah ka rufe bakinka ka ji ni.” Kin san muryar nan, taki ce ta gada.

Ta ce akwai wata cuta da ke kama tsoho in ƙwaƙwalwarsa ta fara taɓuwa. Da rana lafiya lau, amma rana na faɗuwa sai ya tashi yana neman ƙofa, yana cewa akwai abin da zai je ya yi a waje. Na ce to ai ni akwai abin da zan yi a waje. Ta ce, “Baba, su ma haka suke cewa.”

Wai ga tsoho kullum magariba a bakin ƙofa yana danne-danne, yana tura tukunya yana kiran ta budurwa. Ga shi an tsince shi bakin titi da kayan barci. Ga shi ya ce wa likita a Paris yake. Na ce yo wasa ne! Duk Tunbridge wa bai san Athol ba? Ta ce, “Nan ba Tunbridge ba ne. Ba wanda ya san ka a nan.”

Na sa aka kira Saja. Na ce mata fitar da saikilamin da yamma ba haukata ba ce, kowace tsohuwa a ƙasar nan ta san haka. Sabita ma ta duba a wayarta ta ce gaskiya ne, shukar sanyi take so. Saja ta ce, a hankali kuma, ba da faɗa ba, “Na yarda, Athol. Amma Mista Kenny na ɗaki na ƙarshe shanu yake son ya je ya tatsa, kuma gaskiya ne ana tatsar shanu.”

Ga yadda ake ciki. Ƙarshen watan nan babbar likitar ƙwaƙwalwa za ta zo ta duba ni. In ta ce kaina daidai yake, gida. In ta ce a'a, ba za su mayar da ni gun mace mai ciwon gwiwa da ba ta jin motsin ƙofa ba. Akwai wani ɓangare a bayan gidan nan, Sashen Lambu suke ce masa. Ƙofarsa biyu, duk a kulle. Tun da na zo na ga waɗanda suka shiga, ban ga wanda ya koma gida da ƙafarsa ba.

Kin san abin da Saja ta ce don ta kwantar min da hankali? Wai can akwai tsakar gida mai katanga, ƙofarta a buɗe take wuni, zan fitar da furena duk lokacin da na ga dama. Duk gidan nan, Lorna, wuri ɗaya ne mutum zai iya kai shuka waje, kuma sai an ce ba shi da hankali zai samu.

Janelle ta ce in ba ta tukunyar ta tafi da ita Melbourne. Yarinyar da ko ciyawar roba ta mutu a hannunta, ga ɗakinta ya fi nan zafi. Na ce uwarki ta ce da hannuna. Ta ce to in rantse mata abu biyu, ba zuwa ƙofa, ba wasa, har likita ta zo. Na rantse. Ta yi kuka a wuyana, na so in ce mata wani abin dariya, sai na tuna na rantse.

Kar ki tayar da hankalinki. Mutumin da ya kayar da rago mai ƙaho da hannu ɗaya ba likita ce za ta kayar da shi ba.

Mijinki,
Athol

*

Launceston, Alhamis, tsakiyar Yuni

Tsohuwata,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa, ina gaida duk wanda ya tambaye ni, har da wanda bai tambaya ba. Na sami wasiƙarki.

Wato ke don in yi tafiya kika aiko min da ita. Kin san in an bar ni zan kwanta ina ba nas-nas labari har ƙafar ta sandare, shi ne kika ba ni aikin da sai na taka zuwa ƙofa kullum. Makira. To ya yi aiki, mai koya min tafiya ya ce saura kaɗan in ajiye tarakta in koma sanda. Ƙafar ta warke, kan ne aka kama. Kar ki ce laifinki ne, na ga inda kika rubuta haka, kuma na ga inda tawada ta jiƙe. Ba ke kika ce Paris ba.

Kin ce in bar ta ta mutu, shuka ce kawai, ni kike so. Lorna, ni za ki yi wa ƙarya? Ni na ga yadda kike kwantar da tukunyar nan a gefenta ƙarƙashin tankin ruwa duk lokacin zafi, ba ganye ba komai sai busasshiyar ƙasa, kina leƙawa kamar mai jiran wasiƙa. Ni na ga fuskarki duk shekara in ganyen farko ya leƙo. Ba ma kiran sunan yaron nan da yawa a gidanmu, ni da ke. Ita muke kira.

Na cika alkawarin Janelle. Magariba ta yi, ƙafafuna su ce tashi, in ce musu zauna. Ina zaune bakin gado na riƙe ƙarfen, ina kallon haske yana tafiya a tagar nan mai yatsu huɗu. Na gwada cusa tukunyar ta wurin, ko farantin bai shiga ba. Na kashe hitar ɗakin, suka kunna, wai tsoho zai kamu da mura. Ina ajiye ta jikin gilashi, ina jera mata ƙanƙarar da ke cikin butar ruwan shana a gefen faranti. Duk da haka ganye sai rawaya yake yi, ɗaya bayan ɗaya. Ina murɗewa ina fizgewa yadda kika ce. Ta kusa zama kamar kaina.

Kuma rashin wasan nan, kai. Mai kawo abinci ta ce, “Yaya naman yau, Athol?” Amsoshi biyar suka zo min, har da na cewa na san tunkiyar nan, ni na aske kakarta. Na ce, “Ya yi daɗi, na gode.” Sabita ta taɓa goshina ta ce ko ba ni da lafiya.

Yau an yi waƙe-waƙe a babban zaure, ranar Alhamis ake haɗa mu da mutanen Sashen Lambu. Na tafi da Budurwa don zauren ya ɗan fi sanyi, kuma da rana ne, ba wanda zai ce komai. Aka zaunar da wata tsohuwa kusa da ni, 'yar ƙarama, Hazel, matar wani manomi daga Bothwell. Sabita ta ce ba ta gane 'ya'yanta yanzu. Ta dubi tukunyar, ta dube ni, ta ce, “Kai wane irin sakarai ne? Dafa ta kake yi?” Kafin in yi magana ta sa yatsu ta murɗe mataccen fure ta fizge, tsaf irin naki. Ta tura ɗan yatsa a ƙasar, ta shinshina. Ta ce, “Dankalin da ƙarfinsa. Ka fitar da ita tare da kyanwa mana, Norman.” Ban san wane ne Norman ba, amma ya sha zagi.

Da aka tashi suna mayar da su, ta juyo tana cewa, “Tare da kyanwa!” har ƙofa ta rufe a bayanta. Na ji ƙarar kullen nan daga inda nake zaune.

Ina wani tunani. Ba zan faɗa miki ba sai na yi, don kar ki hana ni.

Naki,
Athol

*

Launceston, Laraba, ƙarshen Yuni

Lorna tawa,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jiki, yaya sanyi? An ce ƙanƙara ta sauka wajenku, ki kula da matakalar baya.

Abu biyu zan faɗa miki.

Na farko, Budurwa ta shiga Sashen Lambu a madadina. Na je gun Saja da fuskar jana'iza na ce shukar matata tana mutuwa a ɗakina, ko za a ajiye min ita can gun Hazel har in tafi. Ta yi murna ƙwarai, wai wannan tunani ne mai kyau. Sabita ta ɗauka. Na raka su har ƙofar farko na tsaya. Ganye biyar suka rage mata da fure ɗaya. Na so in ce mata ta riƙa rubuto wasiƙa, na haɗiye.

Na biyu, likita ta zo yau. Dattijuwa ce, mai gilashi a kan hanci. Na sa farar rigata, na yi aski. Wace shekara, na faɗa. Wane gari, na ce Launceston, kuma Allah ya sani Paris na nan a bakin harshena tana tsalle. Ta ba ni sunayen abubuwa in riƙe, na riƙe, na mayar mata. Ta sa na zana agogo, na zana wanda ya fi na cocinmu kyau. Da aka zo kalmar nan ta baya da baya na ce likita, tun ina yaro aka cire ni daga makaranta aka kai ni rumfar askin tumaki, rubutuna bai taɓa yin kyau ba, ki tambaye ni da lissafi. Ta tambaya, na ba ta kafin ta rufe baki.

Sai ta cire gilashin ta ce, “To ina budurwar taka, Mista Triffitt? An ce za ku yi aure a Hobart.” Tana ɗan murmushi. Lorna, ta buɗe min ƙofa ce wangale, ga amsa a bakina, wai ta bar ni ta bi mai lambu. Wace irin amsa! Da a mashaya ne da an ɗauke ni a kafaɗa. Na dubi matar nan na ce, “Shuka ce, likita. Ɗana ne ya ba uwarsa kafin ya rasu. Ba ta son zafi, shi ya sa nake kai ta ƙofa.”

Ban taɓa faɗar wannan da ƙarfi ba a gaban baƙo. Muryar ma ba tawa ba ce. Ta mayar da gilashinta, ta ce za a sanar da Janelle.

Yanzu jira nake. Wurin da tukunyar take a bakin taga ya bar zobe a katako, shi nake kallo. Magariba na yi har yanzu ƙafafuna na cewa tashi, kuma ga shi ba abin da zan kai. Wani lokacin sai in ce, Athol, in fa su ne da gaskiya? Mista Kenny ma ai ya tabbata shanunsa na jiran sa.

Ki yi min addu'a, ke Allah ya fi jin taki, kin fi ni zuwa gidansa.

Athol

*

Launceston, Litinin

Zuwa ga Lorna, matar gwarzon Tunbridge,

Gaisuwa cike da mota, tirela biyu wannan karon. Yaya gwiwa? Ki ce mata ta shirya rawa. Jumma'a ina zuwa. Janelle za ta ɗauko ni da motar haya, mu iso kafin rana ta faɗi. Likita ta ce kaina garau, wai dai bakina ne ba shi da birki, kuma wannan ba a maganinsa. Na faɗa wa mai kawo abinci maganar kakar tunkiyar nan da na riƙe mata tun tuni, ta yi dariya har miya ta zube.

Yanzu ki ƙara zama, don ga inda za ki yi fushi.

Jiya da yamma na je karɓo jinginarki. Sabita ce ta kai ni, ta koma aikin yamma ranar. Ƙofa ta farko ta rufe a bayanmu, ta biyu ta rufe. Na riƙe hannun rigarta kamar yaro a kasuwa, na ce yarinya, kar ki kuskura ki je ko'ina ba ni. Ta ce, “Ina nan, Athol, ni na san lambobin.”

Sai ga ta a kan tebur kusa da ƙofar tsakar gida. Lorna, da kin gan ta. Ganyen sun miƙe, masu zanen azurfan nan, ga 'yan ƙananan furanni sun sunkuyar da kai daga ƙasa suna shirin tasowa, na leƙa na ga sun fi yatsun hannuna. Ba a daɗe ba rana ta faɗi. Hazel ta tashi daga kujerarta ba wanda ya ce mata komai, ta ɗauki tukunyar da hannu biyu, ta fita, ta ajiye ta ƙarƙashin rumfa inda raɓa ba ta sauka, ta kira wata kyanwa da babu ita. Ba wanda ya dafa kafaɗarta, ba wanda ya ce zo mu sha shayi. Nas ɗin can ta ce a da, kullum war haka Hazel tana bakin ƙofar fita tana jijjiga ta tana kuka. Tun da tukunyar ta zo, ta fitar da ita, ta dawo ta ci abincinta.

Na matsa na ce, Hazel, na zo ne a kan shukar nan. Ta dube ni sama da ƙasa, ba ta san ni ba, ko Norman ban samu ba yau. Ta ce, “Kyakkyawa ce ko? Ɗana ne ya kawo min Ranar Iyaye Mata.”

Na tsaya da hannuwa a miƙe kamar wawa. Sai na ce, lallai ɗanki yaron kirki ne. Ta ce, “Ƙwarai kuwa. Kar ka zuba mata ruwa a ka.” Na ce ba zan zuba ba.

Na fito ba ita, Lorna. Kin ce da hannuna, kuma hannuna ne ya ƙi. Sabita ta yi alkawarin in zafi ya zo ganyen suka bushe ba za ta bari a jefar ba, za ta kwantar da tukunyar a inuwa yadda na nuna mata. In kina son ganin ta Janelle za ta kawo mu, ranar Alhamis ake waƙa. In kuma zagi za ki yi ki tara shi, ran Jumma'a na zo na karɓa a tsaye, da sanda ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙo. Kar ki kulle ƙofa ran nan, ki bar ta a buɗe ko sanyi zai shigo. In magariba ta yi ki sa min kujera a baranda, a lungun da tukunyar ke zama, ki fitar da ni tare da Smoky. Da safe in kin ga dama ki shigo da ni.

Ni ne mijinki, hannu wofi,
Athol